Kafaɗa Huɗu Don Makarar Abbati

Ina durƙushe a zaure ina yanka likkafani sai na ji wani a ƙofa yana tambaya, "Nan aɗ ɗakin Adda?"

Na ce babu wata Adda a gidan nan, Abbati mai waina ne ya rasu da hantsi. Mutumin ya dafe ƙirji ya ce, "Ita ce, Malam. Uwarmu ce." Tun daga nan kaina ya ɗaure.

Shekara shida muna katanga ɗaya da Abbati a Kaura, tun da ya gudo daga Moriki. Kowa ya san ɗan daudu ne, kuma kowa ya ci wainarsa a tasha har da lashe yatsa. Amma da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, ni da matata Zuhura kaɗai muke leƙa shi. Liman ya taya ni wankan gawa, ya ce zai sallace shi bayan azahar. Mazan unguwa kuwa kowa ya samo uzurinsa. Makara tana son mutum huɗu, ga ni ni kaɗai.

Baƙin su uku ne: Sagir mai furfura daga Shinkafi, wanda ya yi tambayar, da Hafiz da Lukman daga Zurmi. Maza ne da gemunsu, amma "ke" suke ce wa juna. Hafiz ya soma ba ni labarin yadda Adda ta ɗauke shi ɗiya, ta koya masa suya, sai Sagir ya taɓa shi.

"Rage harshe, ƙawa. Makaho na."

Na ce idona garau yake. Sagir ya ce, "Ba wannan ba, Malam Faruku. Wanda ba shi cikin harka muka nuhi." Na tambaya wace harka, sai ya kau da zancen.

Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, suka wuce ta kamar ba su gan ta ba. Cikin gida suka shiga, kowa ya ɗaura zane a kan wando, suka karɓi taɓarya a hannun Zuhura suna daka gumbar sadaka suna kuka. Na rasa ko in hana ko in gode.

Da aka fito da gawa, liman ya tsaya, na tsaya bayansa. Na waiwaya, sai na gan su sun toge a bakin ƙofa, daidai inda mata ke tsayawa.

Na ce, "Mi kuke jira?"

Sagir ya sunkuyar da kai. "Mu ba mu taɓa bin gawa ba. Duk inda munka tahi, cikin sahu ana ce muna mu koma wajen tukwane. Can munka saba."

Na dubi liman ko zai yanke hukunci. Shi ma ni yake kallo. Wallahi tsoro ya kama ni, kada Abbati ya yini a ƙofar gida ana ratse shi.

Na ce, "Ni ban san ko uwarku ce ko ubanku ba. Abin da na sani yana da nauyi, kuma ni ɗaya ba ni iyawa."

Sannan liman ya gyara rawani ya ce, "Ku yi alwala."

Bayan salla muka kama makara. Hafiz ya naɗe ƙyallensa ya yi gammo zai aza a kai, yadda yake ɗaukar tukunya. Na ce masa a kafaɗa ake ɗauka. Ya gyara, ya raɗa wa gawar, "Yi haƙuri, Adda, yau muka koyo."

Muka ɗaga, makarar ta karkata, ta daidaita. Da za mu sha kwana na waiwaya. Zuhura na tsaye a bakin ƙofa, riƙe da zannuwansu uku a ninke.