Lulu Ita Kaɗai a Keji

Su uku ne a gidan: Hashimu direban tasi, mahaifiyarsa Hajiya Asma, da 'yarsa Rumasa'u mai shekara tara, wadda uwarta ta rasu tun tana goye. Da aka rushe unguwarsu ta Nakkasa a Makka, suka koma wani bene a unguwar Aziziyya. Akwai ruwa, akwai na'urar sanyaya ɗaki. Mai yi musu sallama ne babu. Tsofaffin maƙwabta sun watse, wasu Hindawiyya, wasu Jidda.

Don ya ɗebe wa yarinyar kewa, Hashimu ya sayo mata shuga gilaida, wata 'yar dabba mai kama da kurege. Idanunta manya ne, kuma tana da fata tsakanin hannu da ƙafa wadda take bazawa ta yi shawagi. Rumasa'u ta sa mata suna Lulu. Hajiya ta ɗinka mata 'yar jakar barci, ta karɓe ta yadda ake karɓar baƙo a Makka, kullum dabino da zuma.

Wata Asabar da safe Rumasa'u ta buɗe jakar, ta ga jini a wutsiyar Lulu. Tuffar da aka yanka mata jiya tana nan ba ta taɓa ba.

"Baba, mutuwa za ta yi?"

"Yalla, maza ɗauko ta. Sa takalminki."

Likitar dabbobin, Dakta Nadiya, ta juya Lulu a tafin hannunta a hankali, ta tambayi abincinta.

"Dabino da zuma," in ji Hashimu. "Ai sunan irinsu ma da shuga ya fara."

"Ku rage zaƙi, yana lalata musu ƙashi. Akwai abincinsu, zan ba ku. Amma ba shi ya jawo wannan ciwon ba. Ita ta ciji kanta." Ta dubi Rumasa'u. "Su nawa ne a kejin, habibti, 'yata?"

"Ita kaɗai. Amma ina wasa da ita kullum."

"Da rana, lokacin barcinta. In ta farka ke kin kwanta. A daji a garke suke zama, su kwana jiki da jiki. In aka ware ɗaya sai ta daina ci, wata har ta mutu. Ku samo mata 'yar'uwa."

Ta wanke ciwon, ta ba su magani. A mota Hashimu ya yi alkawarin sayo ta biyu da zarar wutsiyar ta warke.

Da suka isa gida, Hajiya tana zaune bakin taga, inda ta saba zama tun da suka tare. Shinkafar da aka ajiye mata ta huce a rufe.

"Kaka, ba ki ci ba."

"Na ƙoshi, 'yar nan. Me aka ce da baƙuwar tawa?"

Rumasa'u ta daɗe tana kallon kwanon. A duk benen ba mai jin Hausa sai su.

"Baba, Hindawiyya da nisa?"

"Me za ki yi can?"

"Can Hajiya Maryama ta koma, wadda suke hira da Kaka a ƙofar gida a Nakkasa. Ka ɗauko ta."

Hashimu ya dubi mahaifiyarsa. Ta gyara mayafinta. Ya mayar da makullin motar aljihu, ya juya ya nufi ƙofa don ya ɗauko Hajiya Maryama.

A ranar Rumasa'u ta gane cewa Kaka ma ba ƙoshi ke hana ta cin abinci ba.