Ƙirgen Rigunan Sanyi

A shekarar da Maulidi ya faɗo tsakiyar Disamba, malamar 'yan aji ɗaya a wata firamare ta unguwar Perry Barr a ƙasar Turawa ta ce kowane yaro ya kawo wani abu na bikin gidansu. Wani ya zo da kyandiran Hanuka, wata da fitilar Diwali, bango kuma ya cika da taurarin Kirsimeti. Jamilatu, 'yar shekara biyar da bakinta ya girme ta, ta miƙe ta ce kakarta za ta yi wa kowa alkakin Maulidi. Ko tambayar kakar ba ta yi ba.

"To ki ƙirga 'yan ajin, kowa ya sami ɗaya," in ji malama, domin ƙirga suke koyo.

Kakar, Hajiya Yelwa, ta zo daga Kano ganin likita, sanyi ya tsare ta kusa da hita mai ɗumama ɗaki. Alkaki kam ta amince, amma da ta ji batun ƙirga sai ta haɗe rai.

"Ba a ƙirga 'ya'yan mutane, 'yar nan. Albarka ake sa musu."

"Hajiya, homework ne fa," in ji Rahmatu, uwar yarinyar.

"Ko gwamna ne ya ba ta."

Jamilatu ta rasa tudun dafawa. Ba ta son saɓa wa kakarta, tana kuma tsoron alkaki ya kasa bayan cika bakin da ta yi. Washegari tana rataye rigar sanyinta a ƙofar aji sai dabara ta faɗo mata. Ta bi rigunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta sami ashirin da uku.

"Riga kam ki ƙirga har gobe," in ji Hajiya tana dariya.

Ranar Juma'a Jamilatu ta shiga rabo tana taƙama. Yara na lasar yatsu, malama na taya su ƙirga da ƙarfi. Aka kai ashirin da uku, robar alkakin ta koma sai takardar da aka shimfiɗa a ciki, ga Tomas tsaye da hannu a miƙe. Tomas ba shi da rigar sanyi. Tun da ƙaramar hukuma ta rage ma'aikata babarsa ta rasa aiki, suwaita biyu yake haɗawa ya zo.

Kunya da tausayi suka kama Jamilatu, idonta ya ciko. Ta ja takardar don ta ɓoye fuska, sai ga wani alkakin jere a ƙasa. Ashe Hajiya ba ta taɓa girki daidai wa daida ba, kullum sai ta ajiye rabon baƙo. Tomas ya tashi da uku, ajin ya kaure da shewa.

A gida Jamilatu ta zayyana komai. Hajiya ta dubi Rahmatu.

"Rigar nan da ta yi wa Sunusi kaɗan fa? Ki ba malamar su Jamilatu a ɓoye, kar yaron ya ji nauyi."

Sunusi, yayan Jamilatu, bai ma san an ɗauka ba.

Ranar Litinin Jamilatu ta dawo a guje, ko takalmi ba ta cire ba ta faɗa jikin kakarta.

"Hajiya, na sake ƙirga rigunan. Ashirin da huɗu ne."