Zafi da Iska Tukuna

Ai ta janye nata! Da bakinta, ba wanda ya matsa mata!

Injiniya fa nake gaya miki, yayar maijegon nan da ta haifi bakwaini. Ita ce shugabar masu gina wata manhaja ta kyauta, wadda ake zana na'ura a ciki, a gwada ta a kwamfuta tun kafin a yanka ƙarfe. Kowa na iya sa hannu, sai dai hannuwan ba yawa. Bana abu ɗaya tak za su iya ƙarawa.

Shawara biyu ta rage. Akwai tata, mai nuna yadda girgizar inji ke jawo ƙara. Ta daɗe tana renonta kamar 'yar fari, da ita ma take sa ran ƙarin girma a jami'a. Sai ta Gemu, wani abokin aikinsu mai gardamar tsiya. Shi cewa ya yi a haɗa lissafin zafi da na iska wuri guda, a daina barin kowanne yana cin gashin kansa.

Ana jibi taron da za a zaɓi ɗaya, ta je asibiti duba jaririn. Ta wanke hannu ta zura cikin kwalbar da aka kwantar da shi. Wajen kai ɗumi, wajen ƙafa sanyi-sanyi. Nas ta ce shi ya sa suke ninka masa safa. Injiniya ta duƙa ta leƙa 'yar fankar da ke ciki, ta gane iskar ba ta raba zafin daidai. Ta san masu ƙera irin wannan kwalba mai araha da manhajarsu suke zane.

Ranar taro ta ɗora kwamfuta kan teburin guga, ga fuskoki reras a allo. Ƙuri'a ta yi kunnen doki, saura tata.

Gemu ya ce, "To shugaba, Allah ya sanya alheri. Wa ya taɓa ganin uwa ta zaɓi ɗan maƙwabta?"

Ta ce, "Taka na zaɓa."

"Na'am? Layin ne ke yankewa ko kunnena?"

"Zafi da iska tukuna. Ƙara ba ta kisa, da tana yi da tuni ka gama da mu."

Aka kwashe da dariya. Ita kuwa ta rufe nata aikin. Ƙarin girma sai wata shekarar, in da rabo. Ta gyara ɗankwali.

"Turo min rabin aikin, Gemu. In aka bar ka kai kaɗai, sai yaron nan ya yi gemu irin naka ba ka gama ba."

Shi jariri tuni aka sallamo shi, kumatu har sun fara tasawa. Ta ce ba dominsa ta yi ba, don na bayansa ne.

Don Allah in kin fita ki fesa wa matan layinku, kada labarin nan ya tsaya a kunnenki!