Sunan Ranau

Ikilisiyar wani ƙauye kusa da Ƙarfi ta cika shekara sittin, aka sa mai sassaƙa daga Funtuwa ya rubuta sunayen waɗanda suka kafa ta a jikin allon dutse. Baba Habila ya sa jikarsa Salama ta karanta masa allon har sau uku. Babu Ranau, mahaifinsa, wanda a zaurensa aka yi sujada ta farko. A gurbinsa an sa Bulus.

Ya tarar da Dattijo Bature, shugaban kwamitin biki, yana jera kujeru.

"Bature, wane ne Bulus?"

"Babanka mana, Baba. Sunan baftismarsa ne. Ranau ai sunan arna ne, ga baƙi za su zo daga Malumfashi."

"Ko uwata ba ta taɓa jin Bulus ɗin nan ba."

"An riga an sassaƙa. Dutse ba ya gogewa."

Habila ya koma gida. Kwana uku yana zaune gindin rumbu, yana ganin kamar mahaifinsa na tsaye a ƙofar sama ana ta kiran Bulus, shi kuwa yana waige-waige.

Ranar biki Fasto ya ce mafi tsufa, wato Habila, ya sa albarka. Kowa ya rufe ido. A cocin nan ba a katse addu'a, ko akuya ce ta shigo sai a bar ta.

"Ya Ubangiji," in ji Habila, "ka tuna da Ranau. Ranau nake cewa, kada ka duba dutse."

"Amin," in ji 'yan zumuntar mata.

"Ka tuna da Anaruwa, uban Bature, wanda ya kakkaɓo amyar zuma a kan masu baftisma a bakin rafi, har mai bishara ya tsere da takalmi ɗaya. Ka gafarta masa."

Amin ɗin ya fito a rarrabe. Wata ta toshe baki da mayafi.

"Ka tuna Ranau ne ya goyo Anaruwa zuwa gida da kumburarriyar fuska, don zumar ba ta san mai ita ba. Ka albarkaci ɗansa Bature, ka buɗe masa baki ya faɗi sunan wanda ya goyi ubansa. Zan jira, ya Ubangiji. Ba na sauri."

Ya tsaya a nan, bai rufe addu'ar ba. Ba a buɗe ido sai mai addu'a ya rufe da sunan Yesu. Zafi ya sauko daga kwanon rufi, tuwon baƙi yana hucewa a waje. Fasto ya yi gyaran murya, Habila bai motsa ba.

Daga kujerar gaba muryar Bature ta fito ƙasa-ƙasa: "Ranau."

"Kunnena ya tsufa, ya Ubangiji."

"Ranau, Baba."

"A cikin sunan Yesu," in ji Habila.