Abin da Silin Ya Rufe

Mitar wutar gidanmu tana da wani kuka da take yi idan kuɗin cikinta ya kusa ƙarewa, ƙit-ƙit-ƙit, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. A bazarar da Baba ya kwanta ciwon zuciya, sau uku a mako nake jin kukan nan.

Ni ce auta, ni kuma nake zaune da Baba tun bayan rasuwar Inna. Ɗinki nake yi a ɗakin gaba, da shi muke ci muke sha. Baba magini ne, shekara arba'in ya yi yana ɗora bulo kan bulo, gidan da muke ciki ma da hannunsa ya gina shi tun ba a haife ni ba. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce zuciyar tsohon nan ba za ta iya da zafi ba, a tabbata ɗakinsa na da sanyi. Faɗa da baki ba wuya. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ba ta san mara lafiya ba, kuɗin ɗinkin riga uku take lanƙwamewa tsakanin hantsi da la'asar.

Babu dabarar da ban yi ba. Na ajiye keken ɗinki mai wuta na koma na ƙafa. Na tara guga sai sau ɗaya a mako. Na canja ƙwayayen fitilu, na zare duk wani abin da ke maƙale a bango yana shan wuta a banza, har firji na riƙa kashewa da rana. Duk wannan ya rage wani abu, ba zan ce bai rage ba, amma ɗiban ruwan rijiya da cokali ne. Da zarar na kashe na'urar, kafin a yi minti ashirin ɗakin Baba ya koma tanderu, sai in ga ƙirjinsa yana hawa yana sauka da ƙyar.

Da na kasa, sai na kira Yaya, babban wanmu, wanda yake aiki a wani gari mai nisa. Yaya mutum ne mai yanke magana da wuri. Ya ce ranar Asabar zai zo da mota ya ɗauki Baba ya koma da shi wajensa, hawa na shida a wani dogon bene, inda ma'aikatarsu ke biyan kuɗin wuta. Da na gaya wa Baba, cewa kawai ya yi, "To." Sai da na juya zan fita ya ƙara da cewa, "Auta, in aka hau da ni benen nan, a makara za a sauko da ni."

Na san ba shagwaɓa yake yi ba. Na shiga ɗakin ɗinki na yi kukana, sannan na fara haɗa masa kaya.

Dole in faɗi yadda gidan yake a da. Muna yara, ɗakunanmu dogaye ne ƙwarai, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga rufi. Can sama kusa da rufin akwai ramuka jere, an sa musu raga, ƙasa kuma daf da daɓe akwai wasu ƙanana a bangon da ke kallon lungu. Lungun ma abin dariya ne, wani siririn fili tsakanin gida da doguwar katanga, ko akuya ba za ta juya a ciki ba. 'Yan makarantarmu gidan tantabaru suke kiran gidanmu, kuma mun sha jin kunya. Mu a ganinmu kuɗi ne suka ƙare wa Baba, ya bar gini bai ƙarasa ba.

Shekara tara da suka wuce Yaya ya samu ƙarin girma, ya ce zai share wa mahaifinsa hawaye. Ya kwashe su Baba ya kai su wajen ƙanwar Inna wata guda, ya kawo ma'aikata. Aka buga silin fari fat aka sauko da shi ƙasa, aka toshe ramukan ƙasa da siminti, aka sa tagogin gilashi, aka kafa na'ura. Har guɗa na yi ranar da aka gama. Daga baya da gidan ya riƙa zafi, sai muka ce duniya ce ta canja, tunda kowa haka yake cewa.

Ranar Laraba, saura kwana uku Yaya ya zo, sai ga Kawu Kafinta ya zo yin sallama da Baba, abokinsa. Tare suka yi aiki da Baba tun suna samari, shi ya buga rufin gidan nan, amma ya daɗe da komawa wajen 'ya'yansa, bai taɓa shigowa ba tun da aka yi gyara. Tsoho ne siriri mai baki kamar reza. Ko zama bai yi ba ya tsaya a tsakiyar falo yana kallon sama, gumi na bin wuyansa.

"Wa ya shaƙe gidan nan?" ya tambaya.

Na ce, "Kawu, gyara aka yi."

"Gyaran gangar auzinawa. Ɗauko min tsani, 'yata. Ki zo da zare kuma, mafi siriri a cikin kayanki."

Baba ya jiyo mu daga ɗaki. Ya ce, "Kafinta, ka bar wa yaro aikinsa."

"Yaron da ya fara furfura? Kai dai kwanta, Magini, yau ba da kai nake ba."

Ƙafafun Kawu ba sa iya hawa, don haka ni na hau. Ya nuna min allon da zan tura. Ina ɗaga shi wani zafi ya daki fuskata har sai da na runtse ido. Da na leƙa, sai ga ramukan nan na yarintarmu suna nan yadda suke, kowanne da ragarsa, haske na shigowa ta cikinsu layi-layi. Shekara tara suna can sama a buɗe, mu muna ƙasa a rufe.

Kawu ya sa ni na zauna a matakalar tsani ya yi min karatu. Ya ce iska mai zafi ba ta da nauyi, kullum sama take nema, in ta samu ƙofa sai ta fice. In ta fice kuwa dole wata ta shigo ta maye gurbinta, kuma Baba ya zaɓar mata hanyar shigowa: ta lungun nan da muke wa dariya, wanda rana ba ta taɓa sauka cikinsa ba.

Na ce, "Ba ta taɓa ba, Kawu? Ko da tsakar rana?"

"Je ki taɓa ƙasan wurin ki dawo."

Na je. Ƙarfe ɗaya na rana, ƙofar gida ba ta taɓuwa don zafi, amma na sa tafin hannuna a ƙasan lungun na ji shi da sanyi kamar gindin randa. Na ɗaga kai na ga yadda bakin rufi ya miƙo ya kusa haɗuwa da katanga, ya bar 'yar tsaga kawai. Sau dubu nawa na share lungun nan ina tsaki, ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba na gumi a cikinsa ba.

Da na dawo Kawu ya ce, "Shekara guda cur ubanki ya yi yana zuwa filin nan kafin ya haƙa tushe. Ya kafa sanda ya ɗaura mata tsumma. Ya zo da safe, ya zo da azahar, ya zo da yamma, rani da damina, yana zana inda inuwa ta faɗi da inda tsumma ya karkata. Mutane har sun fara cewa a kai shi a duba kansa. Ni ma na faɗa."

Mutumin da nake ba magani a cokali, nake yi wa faɗa in ya ƙi cin abinci, ashe ya taɓa zama ya karanci rana da iska har ya san hanyarsu. Kunya ta kama ni.

Ban nemi izinin Yaya ba. Na san in na kira shi zai ce in jira, ni kuwa ba ni da kwanakin jira. Kawu ya samo ma'aikata biyu, muka mayar da Baba ɗakin ɗinki, aka shiga sauke silin. Ranar Alhamis aka gama da falo da ɗakin Baba. Washegari aka koma ramukan ƙasa. Nan aka sha wuya, don an shafe bangon da filasta da fenti, babu alamar komai. Kawu ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da ƙashin yatsa, kunnensa a manne, sai ya ji sauti ya canja ya ce a fasa nan.

Wajen ƙarfe uku, lokacin da zafi ya fi tsanani, ya sa aka rufe duk tagogin da ke kallon rana, aka kashe fanka. Ya karɓi zaren nan ya ɗaura a saman ƙofar ɗakin Baba, ya bar shi yana reto. Ma'aikaci ya kai wa rami na farko gudumar ƙarshe, simintin ya zube ƙasa.

Da farko ba abin da ya faru. Har na fara jin haushin kaina. Sai na ji wani abu ya shafi idon sawuna, a hankali, kamar kyanwa ta wuce. Aka fasa na biyu, aka fasa na uku. Zaren ya motsa, ya karkata, sannan ya tashi ya tsaya a gicciye, ba ya komawa. A waje ko ganye ba ya motsi. Babu waya, babu inji, babu ƙara, amma iska tana shigowa ta ƙasa, ta ratsa ɗaki, ta haye sama ta fice. Ma'aikatan nan biyu suka ajiye guduma suka tsaya suna kallon zare. Ɗayansu ya ce a hankali, "Ikon Allah. Shekara goma sha biyar ina gini, ban san ana haka ba."

Ba zan yi ƙarya in ce sanyin ya kai na na'ura ba. Sanyin inuwar babbar bishiya ne, irin wanda jiki ke sakewa a cikinsa. Muka share ƙura muka dawo da Baba gadonsa, na kunna fanka a lamba ɗaya. Ya kwanta yana kallon dogon rufinsa. Na zauna ina ƙirga numfashinsa, na ga yana tafiya daidai, har barci ya ɗauke shi.

Yaya ya iso da direbansa ranar Asabar da azahar. Abin da ya fara gani shi ne silin ɗinsa a jingine a tsakar gida, allo kan allo. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Auta, wa ya ba ki izini? Kin san nawa na kashe a kan…"

Na ce, "Yaya, shiga tukuna. In ka fito ka yi min duk faɗan da ka ga dama."

Ya shiga a fusace. Taku uku ya yi a falo ya tsaya. Ya dubi na'ura ya ga a kashe take. Ya dubi ƙafafunsa, ya ɗaga kai ya bi ramukan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kawu na zaune a gefe, ya gaya masa abin da ya gaya min, wannan karon ba tare da zolaya ba. Yaya ya wuce ɗakin Baba, ni ina biye. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya sa bayan hannu a wuyansa ya ji babu gumi.

Yana nan a durƙushe ya ce, "Baba, ka san abin da na toshe?"

"Na sani."

"Shekara tara kana cikin wannan zafi. Inna ma a cikinsa ta yi jinya. Me ya hana ka faɗa min?"

Baba ya ce, "Ranar da ka dawo da mu, ka riƙe hannuna kana nuna min ɗaki-ɗaki, bakinka ya ƙi rufuwa don murna. Na gina wa mutane gidaje sun fi ɗari, ba wanda ya taɓa ɗaukar ko bulo ɗaya ya ce wannan don ni ne, sai kai. In buɗe baki in ce ka ɓata? Zafi ai ana jure shi."

Yaya ya kifa goshinsa a bakin gado. Kafaɗunsa suka riƙa rawa, ba sauti. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar da aka binne Inna. Baba ya ɗora masa hannu a ka ya bar shi a nan. Ni ma na juya ina goge ido da gefen mayafi.

Da ya ɗago sai ya tambayi Kawu ko akwai sauran aiki. Kawu ya ce saura rami ɗaya a ɗakin nan, ya ƙwanƙwasa har yatsansa ya kumbura bai same shi ba. Yaya ya cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki guduma ya tsuguna a gindin bango yana dube-dube.

Baba, daga kwance, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Daga kusurwa, ƙirga bulo huɗu. Layi na biyu daga ƙasa. A hankali, akwai raga a baya."

Yaya ya auna da hannu, ya buga sau ɗaya, bangon ya amsa da sautin rami. Ya buga na biyu, na uku, sai haske ya ɓullo, ƙurar siminti ta taso ta bi iska ta shige masa fuska. Ya zauna daɓas a ƙasa yana kallon ramin, iska na kaɗa masa gaban riga.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Auta, je ki ce wa direba ya juya. Ki kwance kayan Baba ki mayar inda suke."