Yatsun Katako

Kun gan shi. Kada ku ce ba ku gan shi ba. Kun sha haɗuwa da shi a lungunan Dukawuya, kun miƙa masa hannu, ya miƙo muku wuyan hannunsa, kuka yi maza kuka mayar da ido kan katanga kamar an yi rubutu a jikinta. Sunan da kuka ba wannan abu shi ne kawaici. To, ga abin da kawaicinku ya haifar ranar Asabar.

Mikail ya ɗaga labulen gidan gem na Malam Ashafa bayan sallar azahar, ya tsaya cak. Kwamfutocin nan huɗu da ke jere a jikin bango babu su. Sai shatin ƙafafun tebur a kan siminti da wayoyi a naɗe a kusurwa. An shimfiɗa sabuwar darduma, samari sun miƙe ƙafa a kai, kowa da tab a hannu, manyan yatsunsu suna ta zamiya a kan gilashi.

Abdulbaqi, abokinsa kuma mai riƙe da sunayen ƙungiyarsu, ya ɗago ya ce, "Ga Kyaftin nan. Shigo ka ga ci gaba. Mun bar zamanin ƙwas-ƙwas."

Shekara uku da suka wuce injin niƙa roba ya cinye wa Mikail babban yatsan hannun dama da biyun da ke kusa da shi. Biyun da suka rage suka ƙage, ba sa lanƙwasuwa. Ya yi wata takwas bai leƙa ko zaure ba. Mahaifinsa, wanda baduku ne, shi ya zauna ya ɗinka masa safar hannu ta fatar akuya, ya dasa mata 'yan katako biyu daidai inda maɓallan maus suke. Tafin hannu ya ja maus, katako ya danna, hannun hagu kuma ya ji da kibod. Da wannan safa ya zama wanda ake tsoro a wasan yaƙin nan na mutum huɗu-huɗu. A cikin wasan babu mai ce masa sannu, babu mai raga masa. Zaginsa ake yi idan ya harbe mutum, kuma zagin nan ya fi masa daɗi a kan duk jajen da aka taɓa yi masa. Gasar unguwanni saura mako biyu, Gwammaja za su fara karawa da ita, sunansa ne na farko a takarda.

Malam Ashafa ya taso daga bayan kanta da fara'arsa. Ya bayyana cewa masu shirya gasar sun koma wasan waya da tab, kwamfutoci kuma suna shan wuta, sola ba ta ɗaukarsu, shi ya sa ya rabu da su shekaranjiya. Ya ce duk wanda ya shigo yabawa yake yi.

"Kai ma ai na tuna da kai," in ji shi. "Yanzu taɓawa kawai ake yi. Ba sai mutum yana da..." Ya yi tari. "Ya fi sauƙi dai."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma wannan shi ne abin takaicin. Shekara biyu Mikail yana zama a shagon nan kullum, amma Malam Ashafa bai taɓa tsayar da ido a kan hannun ba, balle ya san wane yatsa ne babu.

Mikail ya zauna. Ya zaro safar daga aljihu, ya sa, ya ɗaure igiyarta da haƙori kamar yadda ya saba. Aka ɗora masa tab a cinya, aka fara wasan gwaji. Babban yatsansa na hagu ya tura sojansa gaba. Ya kai katako kan alamar harbi ya danna. Shiru. Ya ƙara dannawa da ƙarfi har gilashin ya yi ƙara. Gilashi fatar mutum mai rai yake ji, bai san katako ba. Sojan ya yi ta tafiya da bindiga a saɓe har aka harbe shi a ƙirji.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba. Ya kwance igiyar, ya zare safar, ya ɗora dungulmin hannun a kan gilashin.

Nan take kowa ya sami abin kallo. Wani ya duba fanka, wani ya shiga gyaran hula, Malam Ashafa ya tuna akwai abin da zai ɗauko a bayan kanta. Tabon ya kama gilashin, amma ya kama wuri uku lokaci ɗaya. Sojan ya juya, ya yi tsalle, ya ɗaga bindiga sama ya zazzage harsashinsa a gajimare.

"Netwok ne," in ji Abdulbaqi, idonsa a kan nasa tab ɗin. "Tun safe yake haka."

Kowa ya yarda netwok ne. Har wani ya tsine wa kamfanin.

Mikail ya tambaya ko za a iya jona kibod da maus a jikin tab, don ya san ana yi. Abdulbaqi ya ce ana yi, amma dokar gasa ta hana, duk wanda aka kama da shi an kori ƙungiyarsa gaba ɗaya, domin ana ɗaukarsa maguɗi. Mikail ya ce to a kira masu gasar a nemi alfarma, ai mutane ne.

"In ce musu me?" in ji Abdulbaqi.

"Ka ce musu ba ni da yatsu."

Ƙarar harbi ta tashi daga tab ɗin wani da ya manta bai rage murya ba.

"Subhanallahi," in ji Abdulbaqi a hankali. "Haba Mikail. Wa ya ce haka? Mu ba mu taɓa ganinka da wata nakasa ba, wallahi."

"Na sani," in ji Mikail.

Daga nan abin ya tafi cikin ladabi, yadda irin wannan yake tafiya a garin nan. Aka ce ƙungiya tana buƙatar mai tsara dabara, wanda zai zauna a baya ya hango fili duka, kuma wa ya kai Kyaftin ƙwaƙwalwa? Aka ce koci ma ya fi ɗan wasa daraja. Nazeer, wanda Mikail ya koya wa wasan da kansa, ya ce shi ba zai karɓi gurbin ba sai Kyaftin ya amince, yana faɗa yana murza yatsunsa. Mikail ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk roƙonsa suke yi ya sauƙaƙa musu. Ya ce ya amince. Aka yi ta sa masa albarka. Abdulbaqi ya ja layi a kan sunan farko, ya rubuta na Nazeer a samansa.

Zai fita Malam Ashafa ya biyo shi da leda baƙa. Kibod ɗin da Mikail yake amfani da shi ne, wanda haruffansa huɗu suka goge saboda dannawa. Ya ce wanda ya kwashi kwamfutocin bai so shi ba, gara ya riƙe shi abin tunawa. Mikail ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Ba shi da kwamfuta a gida, Malam Ashafa ma ya san haka.

Ya tarar da mahaifinsa a zaure yana huda fata da basilla. Tsohon ya dubi ledar, ya dubi wayar kibod da ke reto, ya tambaya ko ɗinkin safar ya fara saki ne, don ya samo wata fata mai laushi da za ta kai shi har ƙarshen gasa.

"Lafiyarta ƙalau, Baba," in ji Mikail. Ya cire takalmi ya shige ciki.

Masu gasar suna karɓar gyaran suna har ranar Laraba. Lambarsu tana manne a ƙofar shagon Malam Ashafa, ƙasa da tallar cajin waya. Abdulbaqi ba zai kira ba, Mikail kuma ya riga ya roƙa sau ɗaya. Kai mai kawaici da kake karanta wannan, sai ka kira su. Idan sun ɗauka, kada ka ce lalura, kada ka ce wani ɗan uzuri. Ka ce yatsu uku ne babu, har da babban, kuma kibod yake buƙata.