Ɗari da Saba'in

Tsohon telan ya ɗaura na'urar awon hawan jinin da ɗansa ya aiko masa, ya danna. Ta matse masa damtse, ta saki, ta nuna ɗari da saba'in. Sai ya ture kofin shayinsa, ya buga wa autarsa waya.

Autar malamar ƙididdiga ce a jami'a. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Ta tarar da shi kwance a doguwar kujera kusa da keken ɗinki, hannu naɗe a ƙirji.

"Uwata, keken nan na yayanki ne. Ke ki ɗauki almakashin."

"Rabon gado da sassafe, Baba? Kanka na ciwo? Ƙirjinka fa?"

"Ko kaɗan."

"Duk shekarun nan a asibiti nawa suke samu?"

"Ɗari da talatin. Ya ɗan hau, ya ɗan sauka."

Ta zauna a gefensa. "To wannan mun san shi sosai. Na'urar nan kuwa sau ɗaya ta yi magana, kuma irinta tana lilo. Shayi ma na motsa ta, tsoro ma haka. Ba za mu yar da shekaru saboda awo ɗaya ba, ba kuma za mu toshe kunne ba. Zatonmu zai tsaya tsakanin biyun, amma ya fi karkata ga wanda bai cika lilo ba."

"Wato nawa?"

"Sama da ɗari da talatin kaɗan."

"Ashe da sauran shan ruwana." Ya tashi zaune, ya ce a ɗumama shayin.

Daga nan kullum da safe yake awo a natse, ya faɗa mata ta waya. Ta ɗauka abin zai sauka. Bai sauka yadda take so ba, wajen ɗari da hamsin ya yi ta kewayawa. Kowane awo sai ya ɗan ja zatonta sama, shakkarta na raguwa, har sababbin awon suka rinjayi tsohon sanin.

Wata safiya ta ce, "Baba, ka shirya, ga ni nan. Asibiti za mu."

"Ke da kika ce na'urar ƙarya take yi?"

"Ban ce ba. A da shaida ɗaya ne, yanzu kuwa sun taru."

Likita ya sauya masa magani, ya ce a rage gishiri. A hanyar dawowa tsohon ya yi ta mitar miyar lami, tana tuƙi tana murmushi, har barci ya kwashe shi a kujerar gaba.